Ranar da Mushe Ya Ce “Bandu”

Har ƙasa ta rufe idona ba zan mance da wannan hantsi ba. A zauren gidanmu ne. Ni ina bakin ƙofa, inda nake ganin fuskar kowa. Akwai ɗana na fari da matarsa, da ƙanin marigayi maigidana. Sai baƙuwar, wata malamar jami'a Bazabarma wadda Hausarta ba ta nuna ba, da tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, na garinmu, wanda muke ce wa Mushe, da ta ɗauka ya yi mata tafinta.

Ɗan nawa direban kamiyo ne a da, babbar motar kaya, yana kwasar albasa daga Sabon Gida zuwa ƙasashen bakin teku. A wata tafiya ƴan bindiga sunka tare su can ƙetaren iyaka, sunka shige daji da shi. Ba mu da abin fanso shi sai garkar ubansa da ke fadama, mai rijiya a tsakiya. Munka saida ta ga wani attajirin albasa. Da ya dawo, shi ne amma kamar ba shi ba. Ko faifai ya faɗi sai ya zabura. Abu guda ya tambaya: garka. Na dubi wuyansa da ya koma kamar kara, na ce masa jingina munka yi. Wanda ya jinginar yana da ranar karɓar abinsa, wanda ya saida ba shi da ita. Na tara mutanen gida na ja musu kunne, kuma a gidana in na ja kunne ya jawu. Da wannan kalma ya miƙe. Ya koma cin tuwo, har ya yi ɗan fangali bayan ɗaki ya zuba irin albasa, wai kada hannunsa ya mance kafin ranar ta zo.

Ana nan sai ga malamar. Mushe ya bayyana mana aikinta. Wai suna binciken abin da tashin hankali ke ci wa talaka bayan rayuka: abin da gidaje ke rabuwa da shi, kasuwannin da sunka mutu, da abin da zaman lafiya zai maido in an same shi, don manya su san inda za su sa hannu.

Na ce, “Ashe wannan ma sai an je lakkwal? Mu nan har gida anka biyo mu anka koya mana.”

Ta yi dariya da ya fassara mata. Ni ban yi ba, kallonta nake. Ta tuɓe takalmi a waje. Na miƙa mata ruwan randa, ta shanye ba ta leƙa cikin moɗa ba. Ta ce ba za a sa sunan kowa ba. Yarinya ce mai ladabi, har gobe ban ɗora mata laifi ba.

Ta yi ta tambaya. Ko tukunya na hawa murhu kamar da? Ko an taɓa kayan ɗaki? Surukata ta ce kwanoninta sun tafi, ko murfi bai rage ba. Ƙanin maigidana ya gyara zama ya ce, “Madam, sa har da jakina. Shi ma ɗan gudun hijira ne yanzu, yana can garin Azarori yana yi wa wani bauta.” Kowa ya dara, har ɗana. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin daji.

Sai ta zo kan garka: saidawa anka yi, ko jingina, ko haya?

Na riga kowa. “Jingina.”

Mushe ya karkata wajenta ya yi wata gajerar magana da Faransanci, ƙasa-ƙasa. Yana cikin shaidun cinikin garkar, kuma so yake aikin malama ya fita daidai. A ganinsa duk zauren babu mai jin abin da ya faɗa. Ya mance shekarun da ɗana ya yi yana jayayya da Faransanci da jandarma da ƴan duwan, wato kwastan, a kan hanya. Ni kalma guda kunnena ya riƙe, “bandu”. Ban san ta ba. Amma na san fuskar abin da na haifa, na ga dariyar ta zube daga kanta.

“Mushe, maimaita,” in ji ɗana.

“A'a, bayani ne kawai nake ƙara mata.”

“Bandu ka ce.” Ya juyo gare ni. “Inna, bandu saidawa ne. An saida?”

Matarsa ta sunkuyar da kai. Ƙanin ubansa ya kama jan carbi. Na ce, “An saida ta, an sawo ka.”

“Da kun tambaye ni.”

“Kana daji da igiya a ƙafa, ta ina za a tambaye ka?”

“Bayan na dawo fa, Inna?”

Malama ta gane an yi ɓarna, ta haɗa hannu tana ta faɗin “hankuri, Inna, hankuri” da ƴar Hausarta, ta ce za ta cire gidanmu daga aikin gaba ɗaya. Ɗana ya tashi ya karkaɗe riga. Da Hausa ya amsa mata, don ni in ji.

“Bar shi, madam, sa daidai. Ki ƙara da cewa mai garkar zai tafi Libiya.”

An ce binciken ya fito, manya sun karanta. Allah ya sa ya amfani wani gida. Ni abin da na koya a wannan hantsi, ɗan bindiga ba ya gama cin gida ranar da ya saki mutum, yana nan yana ci daga nesa. Kuma magana mai ɗaci da ta shafi abin mutum, gara ya ji ta daga bakin uwarsa, da harshen da ya sha a nono. Na tsare bakin kowa a gidana, harshen da ban iya ba ne ya wuce ta bisa kaina.

Washegari da na sallame asuba na yafa zane na nufi gidan attajirin. Ni da ban taɓa tsugunawa gaban ɗan wani ba, na tsuguna. Na roƙe shi ya ba ɗana noman garkar, a raba amfani, ko da kason nasa kaɗan ne. Ya ce, “Tashi, Inna. Ya zo yau ma in yana so.” Na dawo ina sauri har zane na harɗe ni. Na tarar da surukata tsaye tsakar gida da kokon kunu a hannu, tabarmar ɗana naɗe jikin bango. Motar farko ya bi. Har yau bai dawo ba.