Gonakin Waɗanda Suka Tafi

Damina ta talatin ke nan da muka rasa mahaifina, Malam Ɗanladi, Sarkin Noman ƙauyenmu da ke gefen Daudawa. Ni ce autarsa, don haka in na cika yabo a yi mini uzuri.

Lokacin da kuɗin mai suka buɗe, samarinmu suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Wannan ya nufi Kaduna leburanci, wancan Legas gadi. Da sallah su dawo da rediyo da wando mai faɗin ƙafa, suna yi wa tuwon dawa kallon raini. Yayana Lawal ma ya bi sahu.

A al'adarmu, gonar da aka bari ta zama saura, mai gari yana iya ba wani. Masu hali daga waje suka fara zarya. Dattawa suka ce a ba su, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Baba ya saurara har suka gama, sannan ya ce: "Wanda ya tahi bai mutu ba. In kun ba da gonarshi, ina za shi dawo?"

Sai ya kira gayya. Tsofaffi ne suka fito, wasu da ƙyar suke ɗaga garma, mu mata muna biye da fura. Kowace damina suka riƙa nome gonakin yaran da ko sallama ba sa aikowa, hatsin a zuba a rumbun iyayensu. An yi masa dariya a kasuwa, wai yana yi wa 'yan birni bauta. Ni kaina na ji haushi, musamman ranar da na ga tafin hannunsa ya tsage.

Da kuɗin suka ƙafe, kamfanoni suka sallami mutane, sai ga su ɗaya bayan ɗaya, jaka ba nauyi. Yaya Lawal ya tsaya bakin gonarsa, ya ga dawa ta fi shi tsawo. Baba bai yi masa gori ba, lauje ya miƙa masa.

Yau tsoro ne ke korar mutane daga yankinmu, ba kwaɗayin birni ba. Nakan ce da Baba na nan, da baƙin ciki ya kwantar da shi. Amma bana, jikokin waɗancan samarin sun yi gayya a gonakin maƙwabtanmu da suka yi hijira Ƙanƙara. Ba kiɗa, ba hayaniya, kafin rana ta take sun koma gida. Suka aika musu cewa dawarsu ta yi kai, su zo girbi.

Allah ya jiƙan Baba. Gida uku sun riga sun dawo.