Ƙotar Bahago

Nata'ala sassaƙa ya gada a Rano, kuma ita ta riƙe shi a Landan, inda yake sauya wa bindigogin farauta ƙota a wani shago a Tottenham. Da kuɗin fetur ya tumbatsa, alhazan gida suka riƙa kawo gyaran bindigogin da ba su taɓa harbawa ba.

Wata rana Alhaji Bukar ya ajiye masa bindiga, irin wadda ake zugewa a ɗana ta.

"Malam, cire icen ƙauyen nan ka sa na Turawa. A karkace ma yake."

Nata'ala ya shafa ƙotar. Ta icen kirya ce, kuma shi da kansa ya sassaƙa ta a karkace da gangan, don wansa Almu bahago ne. Almu kuwa ko aron bindigar nan tasa ba ya bayarwa.

"Ranka ya daɗe, ina ka samo ta?"

"Wajen rabon gado, bara. Magadan ba mai iya harba ta."

Ya ɗaura sabuwa, ta zauna daidai, Alhaji ya yaba aiki. Tsohuwar kuwa ya naɗe ta a rigarsa ya hau bas da ita. Sanarwar rasuwar Almu da ta iso masa ke nan.