Saƙon da Ban Iya Buɗewa Ba

Ni na yi laifi, kuma gara in faɗa tun daga farko. Kwamfuta ba ta yi komai ba, wanda ya aiko da saƙon ma haka. An tambaye ni abin da ban sani ba, na ji kunyar cewa ban sani ba.

A ƙarshen mulkin soja ne, lokacin da mutum zai wuni a layin mai ya dawo da rabin galan. Ina da ɗan shago a unguwar Mabera inda nake buga wa mutane takardu. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai wata shida da na yi ina koyon tafireta. Amma da yake ni kaɗai ke da kwamfuta a layinmu, sai aka laƙaba mini injiniya, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Da tsohon zanen matata nake lulluɓe ta, idan da mutane a shagon kuwa a hankali nake yaye shi don kowa ya gani.

Akwai wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina, mai sayar da hatsi, gidansa yana Ƙofar Kware. Ɗa namiji ɗaya gare shi, sauran duk mata. Ɗan ya tafi karatu ƙasar waje ya bar matarsa da ciki. Kullum da kaset yake aiko da saƙo, a taru a tsakar gida a saurara. Wannan karon ya so ya nuna ya waye, sai ya ba wani da ke dawowa gida ɗan faifan nan baƙi da muke ce wa fulofi, da 'yar takarda: a kai wa mai kwamfuta, maganar suna tana ciki. Matar ta haifi namiji ranar Asabar, faifan ya iso Talata.

Alhaji ya shigo yana riƙe da shi da yatsu biyu.

"Injiniya, ga aikinka ya zo. Yaron nan ya bar kaset ya koma wanga abu mai kama da biskit. Duba muna mi yac ce. Shi muke jira, ko huɗuba ban yi da suna ba."

Na ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, Baba."

Fayil ɗaya ne a ciki, da wasu haruffa uku a ƙarshen sunansa waɗanda ban taɓa gani ba. Na danna. Kwamfuta ta tambaye ni da me za ta buɗe shi, ta jero mini abubuwa. Na zaɓi wanda nake buga takardu da shi, don shi kaɗai na sani. Nan take allon ya cika da 'yan akwatuna da alamun tambaya da haruffa masu ƙaho da wutsiya.

Alhaji ya sa tabarau ya matso. "Wanga ba boko ba ne, ba kuma ajami ba."

A daidai nan tela maƙwabcina ya leƙo da almakashi a hannu, ya tsaya kallo. Da bai leƙo ba, wataƙila da na faɗi gaskiya. Haka na daɗe ina gaya wa kaina, amma tela bai sa mini magana a baki ba.

"Rubutun ƙasar da yake ne, Baba."

"Ka iya shi?"

"Kaɗan-kaɗan."

Na ɗora yatsa a allon na fara karatu. Na ce yana gaishe da kowa, yana lafiya, sanyi ya yi yawa, karatu ya yi daɗi. Duk wasiƙar ɗalibi haka take, na buga ɗaruruwansu. Alhaji yana ta cewa madalla, tela yana jinjina kai.

"To sunan fa?"

Na yi ƙasa, na yi sama, na tsuke ido. "Ya ce kai ka zaɓa, Baba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ɗa na gari," in ji shi. "To, sai in sa mishi sunan marigayi wana."

Na gane abin da ke ransa sarai. Jikokinsa na wajen 'ya'ya mata duk sunayen dangin ubanninsu aka sa musu. Wannan ne na farko da zai iya zama takwaransa, kuma dattijo ba ya ɗaukar sunansa da hannunsa ya ba jika, sai ɗansa ya yi masa wannan karar. Na sani, amma na ja bakina. Ya ce in buga masa a takarda ya kai wa mata su gani. Firinta ta yi ta amayo shafuka, sai da na kashe ta a na goma sha ɗaya. Ya naɗe su da girmamawa ya sa a aljihu. Faifan kuma na ce ya bar shi wurina kada zafi ya lalata shi.

Ranar Alhamis wata malama da ke koyarwa a jami'a ta zo karɓar aikinta, ta same ni na sake buɗe abin ina hararar sa.

"Injiniya, me kake karantawa haka?"

"Wasiƙa ce daga waje, Malama."

Ta duba sunan fayil ɗin. "Wa ya ce maka wasiƙa ce? Murya ce. An matse ta ne don ta shiga fulofi. Ina sifikunka?"

Suna cikin kwali tun ranar da aka kawo kwamfutar, don na ɗauka za su ƙara wa janareta shan mai. Da la'asar ta dawo da wani faifai daga ofishinta, ta sa wa kwamfutar abin da ke kunna irin wannan sauti, muka jona wayoyi. Ta danna sau biyu. Sai ga muryar ɗan Alhaji ta cika shagon, da Sakkwatancinsa ko ɗigo bai zube ba. Ya yi gaisuwa, ya yi ƙorafin rashin fura, sannan ya ce:

"Baba, in namiji ne, sunanka nike so. Na san za ka ce a'a don kunya. Inna, kada ki saurare shi, ki tsaya a kai."

Malama ta dube ni. "Kai me ka karanta wa tsohon?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce ita ma a sa ta ajin koyon wannan yaren. Da ta gama ta ce, "Ka je yau."

Ban je ba. Na dai ajiye rikoda a gaban sifika na naɗi muryar a kaset, har da ƙarar janareta a ciki. Juma'a ma ban je ba. Na wuni ina shirya wata ƙaryar, wai kwamfuta ce ta ɓoye rabin saƙon sai yanzu ta sake shi. Na gwada ta a kan matata, ta saurara tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce:

"Malam, gobe ina cikin gidan sunan. In ba ka faɗa a zaure ba, ni zan faɗa a tsakar gida. Ka zaɓi inda ka fi so a ji."

Asabar bayan sallar asuba na hau babur da rikoda a cinya. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, ana raba goro da dabino, rago yana ɗaure, liman ya gyara zama. Na so in ja Alhaji gefe, amma shi ya fara hango ni.

"Ga injiniya! Shi ne yak karanta muna rubutun ƙasar waje. Ku ba shi wuri nan kusa da ni."

Aka matsa mini, ana ta sa mini albarka. Tela ma yana nan, yana gaya wa na kusa da shi cewa a gabansa aka yi. Na ce wa liman ya dakata kaɗan, na ajiye rikoda na danna.

Mutane suka matso kusa. Da muryar ta kai kan maganar suna, sai guɗa ta tashi daga bayan katanga, ashe mata sun kasa kunne. Alhaji ya sunkuyar da kai, wai yana gyara hularsa, ya daɗe yana gyara ta. Liman ya ce, "To, Alhaji, an ce kada a saurare ka." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro shafukan nan goma sha ɗaya, har sun yi laushi don yawan nunawa.

"To wanga fa, injiniya? Mi aka rubuta ciki?"

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa.

"Babu komai a ciki, Baba. Ban iya wani yare ba, abin ma ba rubutu ba ne. Ban san yadda ake buɗe shi ba, na ji kunyar faɗa, na ƙirƙiri magana na jingina wa ɗanka. Tun shekaranjiya na ji gaskiyar, na ƙi zuwa. Ni ba injiniya ba ne, mai buga takarda ne. Ka yafe mini, don Allah."