Janareta a Baro

Ana tsakiyar rawa aka ɗauke wuta. Biki ne a unguwar Wulari, zamanin kaset, Modu mai haɗa kiɗan disko da kibod ke kiɗa.

Kafin a watse, sai ga Bukar makaɗin unguwar Umarari, babban abokin hamayyarsa, ya turo janaretansa a baro, gumi na zuba.

Na ce, "Yaya Bukar, ba kai ke cewa Modu bai iya komai ba?"

Ya ce, "Ƙanwata, wancan zancen kasuwa ne. Wallahi in ban ji ƙarshen kiɗan nan ba, ba zan iya barci ba."

Aka tayar da janaretan, Modu ya ci gaba da kiɗa.

A sana'arku, wane gwani ne abokin hamayyarsa zai turo wa baro?