Jirgin Baba a Jikin Katako

Shekarar da autata ta tafi uni, wato jami'a, zama ya gagare ni. In na dawo daga aiki, sai in ajiye jaka in sake fita. In hau bas a Stockport Road, nan cikin Manchester, in sauka inda ban yi niyya ba, in zaga kasuwar Longsight ban sayi ko albasa ba. Maigidana ya ce, "Hajiya, ko dai GP, likitanmu, za ki gani?" Na ce lafiyata ƙalau.

A irin wannan yawon ne na leƙa wani ɗakin koyon zane a bayan Oxford Road. Malamar wata gajeriyar tsohuwa ce, hannunta duk tawada. Ta ce ita 'yar ƙabilar Aleut ce, daga wasu tsibirai can ƙarshen Alaska, inda iska ba ta barin bishiya ta girma. Tana zane da fenti, amma ta fi son ta sassaƙa hoto a jikin katako, ta shafe shi da tawada, ta danna a takarda. Bangon ɗakin cike yake da kifaye da tsuntsayen teku, da wani siririn jirgin fata irin na kakanta.

Ta miƙo mini katako da wuƙa. "In kin rufe ido, me kike gani?"

Na ce jirgin babana, a bakin kogi a Yawuri.

Aikin bai zo mini da sauƙi ba. Ina gaggawa, wuƙar tana zamewa, har na yanke yatsa. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Ina za ki? Katakon nan ba guduwa zai yi ba." Alhali ita ma ban taɓa ganin ta zauna ba, kullum daga taga sai ƙofa.

Kafin in gama ta koma Birmingham wurin 'yarta. Wata Asabar na bi ta a jirgin ƙasa, katakon a jaka. Na tarar da ita tsakiyar akwatuna, tana shirin komawa Alaska. Ta ce garin da babu teku, numfashinta ba ya sauka.

A teburin kicin muka buga hoton, muna murza takardar da bayan cokali. Jirgin ya fito a karkace, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni irin kifin da Baba yake kamawa. Ina ba ta labarin giwan ruwa ke nan 'yarta ta leƙo ta ce tasin da za ta kai malamar filin jirgin sama ta iso.

Muka buga na biyu a gurguje, na bar mata. Nawa bai bushe ba, don haka a hannu na riƙo shi har Manchester, ina kare shi daga rigunan mutane.