Motar da ba a nunawa sai a jiƙe

Shekara huɗu na yi ina gyaran fenti a wani garejin sayar da motoci a Diffa, wurin wani Alhaji ɗan Damagaram. Aikina cike rami da mastik, in goge, in fesa, in murje har mota ta yi ƙyalli. Doka ɗaya ce a gidan: motar da aka taɓa jikinta ba a nuna ta a rana, kuma ba a nuna ta a bushe. Da an hango mai saye sai in watsa mata bokiti biyu a ƙarƙashin rumfa. Ruwa yana ɓoye tabo fiye da kowane fenti.

Sai aka kawo wata farar mota mai buɗaɗɗen baya. Ramin harsashi uku a ƙofar direba. Ni na cike su, ni na wanke kujerar, kuma abin da na wanke ba ƙasa ba ce. Ranar ban iya cin abinci ba.

Kowa a garin nan ya san abin da ke faruwa a shingen bincike. Ana ƙwanƙwasa jikin mota, in aka ji wurin da aka toshe, direba ne zai faɗi inda harsashi ya same ta. In ba shi da amsa, sai dai iyalinsa su yi ta nemansa.

Mai sayen da ya zo dattijo ne, makiyayi, ya sayar da shanu zai saya wa ɗansa motar jigilar tattasai daga Geskeru. Ɗan nasa ɗaya ne, ya faɗa har sau biyu. Alhaji ya ɗaga mini gira. Na ɗauki bokiti, na tafi famfo, na tsaya ina wanke hannun da ba shi da datti. Wallahi na san aikina na iya tafiya, ga mata da 'ya'ya uku. Amma na ƙi dawowa da wuri.

Dattijon bai san inji ba, ko buɗe shi bai ce a yi ba. Yadda ake duba bijimi a kasuwa haka ya duba motar: ya ɗora tafin hannu, yana shafawa a hankali daga baya zuwa gaba. Da ya iso ƙofar sai hannun ya tsaya. Ya koma, ya sake. Yatsansa ya sami ramukan nan uku duka.

"Reshe ne ya karce ta," in ji Alhaji.

Dattijon ko kallonsa bai yi ba, ni ya kalla, ina tsaye da bokiti cike.

"Ɗana, mai tuƙa ta ya tsira?"

"Baba, ni na wanke kujerar."

Ya goge hannunsa a riga, ya yi mana sallama, ya tafi.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi bokitin daga hannuna ya ce in kwashe kayana. Raina ya ɓaci, na ce masa abin da har yau ba na son maimaitawa.

Bayan kwana tara ina zaune bakin hanyar Tumur, ba aiki, sai ga farar motar nan ta wuce tana ƙyalli, baya cike da mata da buhuna. Wani saurayi ne ke tuƙi, ya ɗora gwiwar hannunsa a kan ƙofar, daidai wurin da na cike.