Yadda Na Makara Wankan Ƙanwata Dije

Karmo, kafin asuba

Na fita daga ɗakina a Karmo ƙarfe biyar saura kwata, ranar wata Talata cikin tsakiyar zafi. Ba da daɗewa ba ne Umaru, ɗan ƙanwata Dije, ya buga mini waya daga Jimeta cewa uwarsa ta cika. Ni wankan gawa nake yi wa matan unguwarmu, shekara ashirin da wani abu. Dije kuwa tana da wani abu a jikinta tun wani aiki da aka yi mata a asibiti, abin da ta ɓoye wa kowa, har surukanta da suke gida ɗaya. Ni kaɗai na sani. Ta sa na ɗaukar mata alkawari cewa ranar da ta mutu, hannuna kaɗai zai buɗe zanenta. Ba zan faɗi abin a nan ba.

Mota daga Abuja zuwa Yola wuni guda ce cur. Na roƙi Umaru su jira ni. Ya ce liman ya yanka jana'iza bayan azahar, wanka kuma ba zai wuce sha biyu ba, domin zafin garin ba ya ɗaga wa gawa ƙafa. Sai na kira Hajiya, wadda na yi wa aiki shekara goma sha tara a Utako, don dai in sami wanda zan faɗa wa. Ita ta tashi ɗanta Abba, wanda na goya tun yana kwana arba'in. Yanzu injiniya ne a wata ma'aikata, kuma shi da abokansa suna da wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da suke tuƙawa da kansu. Ya ce in same shi a Jabi, zai aika da takardu tun daga gida, ƙarfe takwas mu tashi, kafin sha ɗaya muna Yola.

Na ɗaure kayan aikina cikin jaka: yadin likkafani, almakashi, garin magarya, kafur, sabulu, ƙaramar kwalbar turare. Na ciro katin ɗan ƙasa daga ƙasan akwati na soke a lalita. Ban taɓa tafiya ba kati ba, ko Suleja zan je.

Jabi zuwa filin jirgi

Motar haya ta sauke ni bakin tashar Jabi ana kiran salla. Na yi asuba a gefen rumfar wata mai ƙosai da ke hura wuta. Shida da minti goma Abba ya iso, da farar riga da jakar takardu. Ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, ya buɗe mini gidan gaba.

Muna kan hanya ya miƙo mini wata takarda in riƙe masa, ya ce ta fasinja ce, sunana na ciki. Na ɗora ta kan cinya tun daga Jabi har muka wuce Lugbe, tafiyar minti arba'in. Ni ba na karatu. Kallonta kawai na yi, na share mata ƙura da gefen mayafi.

Ba mu bi ta inda jama'a ke shiga ba. Akwai wata ƙofa can gefe ta masu jiragen kansu. Masu gadi biyu suka buɗe bayan mota, ɗaya ya zura madubi mai doguwar sanda a ƙarƙashinta. Suka duba katin wuyan Abba, suka leƙo suka ƙirga ni mutum ɗaya, suka ɗaga ƙarfe. Bakwai saura biyar ke nan. A raina na ce ashe abin ba wuya.

Ɗakin bincike

Ɗaki ne mai sanyi kamar randa, da kujerun fata, da na'ura ɗaya mai haɗiye kaya ta fitar da su ta baya. Mai kula da mata wata ce Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, doguwa, ba ta da hayaniya. Jakata na shiga na'urar aka tsayar da ita.

Almakashin ba su ba da wahala ba. Abba ya ce a ba shi ya kulle a ma'ajiyar kayan jirgi, aka yarda. Garin magaryar ne da kafur suka tsaya a kai. Suka zazzage su kan faranti, suka kira wani jami'i daga wani ofis, ya zo ya shinshina, ya murza a yatsa, ya tambaye ni ko sha ake yi. Na ce masa wanda ake yi wa amfani da su ya gama shan komai. Madam Rifkatu ta yi masa bayani da Turanci, ya goge hannu ya tafi. Da wani saurayinsu ya kai hannu zai warware likkafanin, na ce ya dakata, mace ce za ta saka, mace ta taɓa. Madam Rifkatu ta warware shi ta mayar yadda yake. Wannan duka ya ci minti talatin da biyar, amma har lokacin muna da sauran sarari.

Sai ta ce, "Mama, kawo katinka."

Na ba ta. Ta dubi katin, ta dubi takardar, ta sake duban katin.

"Wane ne Ladi Karmo?"

Na ce ni ce Ladi, a Karmo nake zaune.

"To wane ne Zainabu Adamu?"

Na ce ni ce.

Abba ya juyo yana kallona kamar an sauya masa ni a hanya. Ya ce, "Iya, Zainabu ne sunanki?"

Ga yadda abin yake. Ranar da na fara aiki a gidansu, Hajiya ta tambayi sunana, na faɗa. Ashe sunan mahaifiyar Alhaji ke nan, kuma tana raye a lokacin, a gidan take. Ba mai iya buɗe baki ya ce Zainabu kawo ruwa, Zainabu share nan. Hajiya ta tambayi ranar da aka haife ni, na ce Lahadi. Daga ranar na zama Ladi. Yaran gidan suka tashi da Iya Ladi a bakinsu. Da Abba ya zauna cike takarda cikin gaggawa, aka nemi suna biyu, ya rubuta wanda ya sani, ya ƙara da unguwata. Bai tambayi uwarsa ba, don bai san akwai abin tambaya ba.

Madam Rifkatu ta ce ta gane, su ma a wajensu matar ɗa ba ta kiran sunan suruka. Amma ba ta da ikon shigar da wanda sunansa ba ya kan takarda. Ta ce ƙofar nan an fi sa mata ido fiye da babbar, saboda ta nan ne ake tsoron a fitar da wanda ake nema, ko a shigar da abin da bai kamata ba. Sai an cike sabuwar takarda, oganta ya sa hannu ya buga hatimi.

Abba ya cike sabuwa a tsaye cikin minti biyar. Oga ne babu. An kira shi can ɗaya ɓangaren, ana shirin fitar wani babba.

Zama

Takwas ta yi muna zaune. Ta cikin gilashi ina ganin jirgin namu, fari, bai fi motar ɗaukar yashi tsawo ba, tsakanina da shi bai kai daga ɗakina zuwa famfo ba. Abba ya kira duk wanda ya sani. Ya ce wa wani jami'i shi ne direban jirgin, ya san fasinjarsa, ita ta yaye shi. Jami'in ya ce, "Yallaɓai, ka san ta, amma ba ka san sunanta ba."

Ina zaune ina lura. Wajen tara wasu mutum huɗu suka shigo da manyan riguna, wani na gaba riƙe da katunansu duka. Su ma an duba su, an zuba jakunkunansu a na'ura, ba zan yi ƙarya ba. Amma sunayensu sun dace da takardarsu. Kafin a kawo musu shayi sun wuce. Madam Rifkatu ta kawo mini ruwa da biskit. Na sha ruwan.

Oga ya dawo goma da kwata, yana share gumi. Ya saurari bayani, ya dube ni, ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa hannu. Aikin bai kai minti biyu ba. Na miƙe na ɗauki jakata. Sai Abba ya dawo daga wani tebur ya ce lokacin da aka ba mu na tashi ya wuce, sai ya sake nema. Da ya nema, aka ce an tsayar da kowa, ba mai tashi ba mai sauka sai jirgin babban nan ya ɗaga. Yaushe zai ɗaga? Ba wanda ya sani, shi kansa bai iso filin ba.

Sha ɗaya da rabi Umaru ya kira. Ya ce an haƙa kabari, mata sun taru, ɗakin ya fara nauyi. Ya ce akwai maƙwabciyarsu Dudu, takan yi wanka, amma ba za su taɓa ba sai da izinina.

Ni ce nake yi wa mutane faɗa a Karmo in sun ajiye gawa jiran wani ɗa mai zuwa daga Legas. Nakan ce mamaci ba ya jiran mai rai. Na san abin da zafi yake yi wa jiki daga awa takwas zuwa goma, na gani da idona sau da yawa. In na ce su jira, kunyar da za ta same ta ta fi wadda take gudu.

Na ce ya ba Dudu wayar. Na ce mata ta shiga ita kaɗai da mai zuba ruwa ɗaya, ta yi wankan ta ƙarƙashin zane, ta yi mata kitso uku. Na ce, "Abin da idonki ya gani, ki bar shi a ɗakin." Ta ce in sha Allahu. Ina jin muryoyin mata da yawa kusa da ita.

A sama

Mun tashi sha biyu da minti ashirin. Abba ya ɗaura mini ɗamara, ya sa mini abin toshe kunne mai waya a baki. Jirgin yana rawa kamar keken ɗinki. Na ga Abuja ta koma ƙasa, duwatsu sun zama kamar curin tuwo, daga baya babu komai sai ja da fari da wani kogi da ya ƙafe rabi. Mutane na tambayata ko na ji tsoro. Ban ji ba. Ba ni da abin da zan ji wa tsoro a lokacin.

Awa biyu da minti arba'in muka yi. Sau ɗaya ya yi mini magana ta cikin abin kunnen, ya ce, "Iya, ki yafe mini." Na ce ba shi ya raɗa mini sunan ba, ya kula da tuƙinsa. Da biyu ta yi a agogon gabansa, na san an jera sahu.

Jimeta

Mun sauka ƙarfe uku. A nan ba wanda ya tsayar da mu, duba ɗaya aka yi wa takarda. Zafi ya mare ni tun a bakin jirgi. Abba ya ɗaukar mini mota, shi ya tsaya neman mai don ya juya kafin duhu. Minti goma sha biyu zuwa gidan.

Muna shiga layin na hango maza suna dawowa, ƙafafunsu da jar ƙasa, biyu suna ɗauke da makara ba kowa a ciki. Umaru ya zo ya kama jakata, na hana shi. Cikin gida mata sun cika tsakar gida. Ƙasar bayan ɗakin Dije ba ta bushe ba.

Na nemi Dudu. Tsohuwa ce mai natsuwa, ta rantse mini ba ta ce komai ba, kuma na yarda da ita. Amma ta ce ɗakin ƙarami ne, gawar da nauyi, ba ta iya juya ta ita kaɗai ba. Sai da surukan biyu suka shiga, da wata mai riƙe fitila.

Kwana uku na yi a gidan. Tun kafin daren farko na ji sirrin Dije a bakin mutane. Ina alwala bayan katanga, wasu mata biyu na wanke kwanuka, ɗaya ta ce, "Ashe shi ya sa ba ta taɓa wanka da rana ba." Ɗayar ta ce Allah sarki, ta tambayi yadda abin yake, aka kwatanta mata. Ba mugunta suke yi ba, tausayi ne. Dije tausayin ne ba ta so. Na gama alwalata na wuce ta gabansu. Ranar uku har masu zuwa gaisuwa daga wata unguwa sun sani.

Dawowa

Hajiya ta ce Abba zai dawo ya ɗauke ni. Na ce a gode masa, mota zan bi. Ranar Juma'a shida na safe muka bar tashar Jimeta, mu bakwai a motar, ni a baya ta taga. Numan, Gombe, Bauchi. A Bauchi aka tsaya salla, na sayi waina uku na ci ɗaya. Shingen jami'ai na ƙirga har ashirin da ɗaya na daina. A kowanne direba zai sauke gilashi a gaisa, a haska mu da ido, a ce a sauka lafiya. Ba wanda ya tambayi sunana ko sau ɗaya. Jos da la'asar, Akwanga da magariba, Jabi bayan isha. Na isa ɗakina a Karmo ƙafafuna sun kumbura.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hajiya, da Abba da ya bar aikinsa ya ƙona mansa, da Madam Rifkatu da ta riƙa kiran oganta har wayarta ta mutu. Na bi su ɗaya ɗaya a raina ina neman wanda zan ɗora wa laifi don in sami barci, ban samu ba. Kowa ya yi abin da aka sa shi. Dije abu ɗaya ta taɓa roƙo a wurina duk rayuwarta, ban yi mata ba. Wanda labarin nan ya isa gare shi, ya sa ta a addu'a.